Me Ke Cikin Ledar Tamowa Da Babu Shi A Kasuwar Rimi?

Daga Shahuci a birnin Kano, tafiyar ƙafa ce zuwa Asibitin Murtala, tafiyar ƙafa ce zuwa Asibitin Yara na Hasiya Bayero, haka ma Kasuwar Rimi. Duk mai bin wannan tsakani ya san wata 'yar leda mai ruwan fari da ja, wadda ba ta wuce tafin hannu ba, da akan gani a hannun yaro mai siraran damatsa yana tsotsa a bayan uwarsa. Abincin tamowa ake ce mata. Nauyin abin da ke ciki giram 92 ne, ƙarfinsa kalori 500. Yaron da aka kawo fata da ƙashi, ido ya faɗa, kuka ma ba ya fita, idan ya samu rabonsa kullum bisa ga nauyinsa, cikin mako shida zuwa takwas sai ka gan shi ya murmure yana rarrafe. Katan ɗaya mai leda 150 shi ne, a ƙiyasi, abin da yaro ɗaya ke ci kafin a sallame shi.

Juya bayan ledar ka karanta abin da aka haɗa: markaɗaɗɗiyar gyaɗa, sukari, madarar gari, man girki, sai garin bitamin da sinadarai. Huɗu daga cikin biyar ɗin nan, da kuɗinka a hannu, ba za ka yi rabin awa a Rimi ba ka haɗa su. To me ya sa aka shafe shekaru ana ɗauko wannan abu daga Malaunay, wani ƙaramin gari kusa da Rouen a arewacin Faransa, inda ko gyaɗar ba a nomawa, a biyo teku da shi zuwa ƙasar da ta taɓa tara dalar gyaɗa a Ƙofar Mazugal? Me ke cikinsa da ba mu da shi?

Zato na farko, wanda iyaye mata da yawa ke yi, shi ne akwai wani ɓoyayyen magani a ciki. Babu. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake bai wa yaron a ranar farko daban ake ba shi. Garin bitamin da sinadaran kuwa ba asiri ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga ma'auninsu filla-filla a littafin jagorar da ta fitar a 1999 kan kula da masu tamowa mai tsanani, kowa na iya karantawa. Don haka sai mu ajiye wannan zato, mu koma baya mu ga yadda ake yi kafin ledar ta zo.

A 1996 wasu masana biyu na Landan, Claire Schofield da Ann Ashworth, suka tattara rahotannin asibitoci na kusan shekara 50, suka tarar da abin takaici: a cikin yaran da ake kwantarwa saboda tamowa mai tsanani, kashi 20 zuwa 30 cikin 100 suna mutuwa, a wasu wuraren ma rabi, kuma adadin bai sauka ba tun shekarun 1950. Ba rashin tausayi ba ne ya jawo haka. Sau da yawa ma tausayin ne ya yi ɓarna. Yaron da yunwa ta daɗe tana ci, jikinsa ya rage wa kowace gaɓa aiki don ya rayu: zuciya ta yi rauni, hanta da ƙoda sun yi sanyi. Aka ɗura masa abinci mai nauyi, ko aka saka masa ruwa ta jijiya ba lissafi, ko aka ba shi maganin ƙarin jini tun ranar farko, sai zuciyar ta gaza ko cutar da ke kwance ta taso. Binciken da aka yi shekara da shekaru a Jamaika ne ya warware wannan, kuma a kansa wani likita mai suna Michael Golden ya tsara madara iri biyu a farkon shekarun 1990. Ta farko, F-75, marar nauyi ce, ta farfaɗo da jiki a hankali. Ta biyu, F-100, ita ce ta mayar da tsoka. Inda aka bi ƙa'idarsu, mace-mace sun ragu ƙwarai.

Ga magani an samu ke nan. Amma yara ba su daina mutuwa a ƙauyuka ba, kuma a nan ne alama ta farko take. F-100 gari ce, sai an dama ta da ruwa. Da zarar ruwa ya taɓa ta, a zafi irin namu, cikin 'yan sa'o'i ta zama gonar ƙwayoyin cuta. In kuwa ruwan da ma ba mai tsabta ba ne, an haɗa wa yaron gudawar da za ta ƙarasa shi. Saboda haka ba a yarda a ba uwa ta tafi da ita gida ba. Dole ta kwanta da yaron a cibiya kusan wata guda, ana damawa ana ba shi dare da rana. Ka auna wannan da rayuwar matar ƙauye a watan Agusta: rumbu ya ƙare, ana tsakiyar noma, ga wasu yara uku ko huɗu a gida, maigida na gona ko ya tafi ci-rani. Wata ba za ta zo ba sam, wata za ta zo ta sulale bayan mako guda. Waɗanda suka zauna kuma, an tara yara marasa garkuwar jiki a ɗaki ɗaya, ƙyanda ko gudawar ɗaya ta zama ta kowa. Gadaje kaɗan, ma'aikata kaɗan. Ba a sinadaran madarar matsalar take ba, a ruwan take.

Wanda ya kama bakin zaren nan wani likitan Faransa ne, André Briend, masanin abincin yara wanda ya yi aiki a Senegal da Bangaladesh. Ya haɗa kai da Michel Lescanne, injiniyan sarrafa abinci da ya kafa kamfanin Nutriset a 1986. Tambayarsu ɗaya ce: yaya za a ba yaro duk abin da ke cikin F-100 ba tare da ɗigon ruwa ba? Sun fara da yin sa kamar sandar cakulan, sai zafi ya narkar da shi, ɗacin sinadaran kuma ya fito fili. Briend da kansa ya sha ba da labarin cewa kwalbar Nutella, wani cakulan ɗin shafa wa burodi, ita ta buɗe masa ido: ya lura ma'aunin mai da sukari da sinadarin gina jiki da ke cikinta bai yi nisa da na F-100 ba, kuma ga ta tana zaune a kan tebur wata da watanni ba ta lalace ba. Sai suka bar neman abu mai tauri, suka koma ga mai laushi. Suka rage madarar, suka cike gurbin da markaɗaɗɗiyar gyaɗa. A 1996 aka samu abin da suka sa wa suna Plumpy'Nut.

Hikimar tana nan, kuma duk matar da ta taɓa dama kunun gyaɗa ta san rabinta. Kunun da aka dama da safe, kafin la'asar ya yi tsami. Ƙuli-ƙulin da aka soya daga gyaɗar nan ɗaya kuwa sai ya yi wata a cikin kwano lafiya lau. Ƙwayar cuta ba ta hayayyafa sai da laima. A cikin abincin tamowa laimar ba ta wuce kashi 2.5 cikin 100 ba, kuma kowace ƙwayar garin madara da sukari da sinadari a lulluɓe take da mai. Man nan aiki uku yake yi a lokaci ɗaya: yana tsare iska da laima, yana rufe ɗacin sinadarai har yaro ya karɓa, yana kuma cusa ƙarfi mai yawa a cikin loma kaɗan, abin da ƙaramin cikin da ya tsuke ke bukata. Leda a rufe tana kai shekara 2 ba firiji. Ba a dafawa, ba a damawa, ba a neman itace ko cokali. Ruwan sha daban ake ba yaron, nono kuma ba a yanke masa.

An gwada shi a Chadi da Senegal, aka ga yara na ƙaruwa a kansa kamar yadda suke yi a kan F-100 ko fiye. Daga nan wasu likitoci biyu suka yi abin da a lokacin ake gani kasada ce: Steve Collins a Habasha da Mark Manary a Malawi, wajen 2000 da 2001, suka riƙa ba iyaye mata ledojin su tafi gida. Amma inda duniya ta gaskata da idonta, ƙasar Hausa ce. Damanar 2004 ta yi gardama a Nijar, fara ta biyo baya, farashin gero ya haura inda talaka ba ya kaiwa. A 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta kula da yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a ƙasar, mafi yawansu a jihar Maraɗi, akasarinsu kuma ba su kwana asibiti ba ko sau ɗaya. Uwa ta zo sau ɗaya a mako, a auna yaron, a ba ta na kwana bakwai. A shirin Maraɗi fiye da kashi 90 cikin 100 sun warke. Kafin lokacin MSF ba ta taɓa kula da yara masu yawan haka a yunwa ɗaya ba. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Hukumar Abinci ta Duniya suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa suka amince da wannan hanya, Najeriya kuma ta fara ta a 2009 a jihohin Gombe da Kebbi. Ya kamata a faɗa a nan, don kada wani ya ruɗu: yaron da ya kasa cin ledar a gwajin farko, ko kumburi ya kama shi sosai, ko yake da zazzaɓi mai zafi ko wata cuta a kai, har gobe gadon asibiti da F-75 ne nasa.

Akwai wani ɗan kayan aiki da ya tafi kafaɗa da kafaɗa da ledar, wanda ba a cika yaba masa ba: tef ɗin awon damtse mai launi uku. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani; zuwa 12.5 ruwan ɗorawa. Sama da haka kore. A Mirya ta jihar Damagaram, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa iyaye mata yin awon da kansu, aka tarar ba su gaza ma'aikatan da aka horar ba, har sukan kawo yaro da wuri tun kafin ya galabaita.

An warware rabin tambayar ke nan: sirrin ba wani abu ba ne da aka zuba, wani abu ne da aka cire. Sai dai wannan amsa ta ƙara wa ɗaya rabin nauyi. In dai haɗin bai wuce haka ba, me ya hana masu injin markaɗe da masana'antun Sharaɗa da Bompai su yi ta yi tun 2005?

A nan takarda ta shigo. A 1997 Nutriset da cibiyar binciken gwamnatin Faransa da Briend ke wa aiki, wadda yanzu ake kira IRD, suka nemi takardar mallakar ƙirƙira a kan haɗin. Yarjejeniya ce tsakanin mai ƙirƙira da hukuma: ka bayyana wa duniya yadda ka yi abinka, mu kuma mu hana kowa yi ko sayarwa ba da izininka ba har shekara 20, a ƙasashen da ka yi rajista. Amurka ta ba su tata a 2002, mai lamba 6,346,284, an kuma yi rajista a ƙasashen Afirka da dama. Kuma ba sunan Plumpy'Nut kaɗai takardar ta tsare ba. An rubuta ta da faɗi, ta yadda kusan duk wani abinci mai gina jiki da aka yi da irin wannan markaɗe mai maiƙo, marar ruwa, zai iya faɗawa cikinta. Har zuwa ƙarshen shekarun 2000 kusan kashi 90 cikin 100 na abincin tamowar duniya daga hannun Nutriset da abokan hulɗarsa yake fitowa.

Rigima ta tashi a 2009. Wani kamfanin Norway mai suna Compact ya samu gargaɗi kan kayan da yake bi da su ta Kenya, MSF ta rubuta wa Nutriset wasiƙa a fili tana neman ya sassauta, a ƙarshen shekarar kuma wasu ƙungiyoyi biyu na Amurka, Mama Cares da Breedlove, suka kai ƙara kotu suna neman a soke takardar. Ƙarar ba ta kai ga haka ba. Hujjar Nutriset ita ce in aka saki abin kowa ya yi, manyan kamfanonin Amurka masu samun tallafin gyaɗa da madara daga gwamnatinsu za su cika kasuwa, ƙananan masana'antun Afirka su mutu tun suna jarirai; yana nuni da irin kamfanin STA na Yamai, wanda ya fara yin Plumpy'Nut da izininsa tun 2005. A 2010 ya buɗe ƙofa: kamfanin da ke ƙasa mai tasowa zai iya amfani da haɗin, ya biya kashi 1 cikin 100 na cinikinsa ga IRD don ci gaba da bincike.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Briend da Lescanne sun ƙirƙiro abu na gaske. Masu cewa ai gyaɗa ce kawai da sukari sun manta cewa gyaɗa da sukarin suna gaban kowa shekaru aru-aru, ba wanda ya haɗa su ta wannan fuska. Sun cancanci suna, sun cancanci lada. Amma shekara 20 da aka yanka don injin ɗinki ko na'urar ɗaukar hoto ba daidai take da shekara 20 a kan abincin da yaro zai mutu cikin makonni in bai samu ba. Abin da ya biyo baya ma shaida ne: da masu yi suka ƙaru har suka haura 20, farashin katan da UNICEF ke saye ya sauko daga sama da dala 50 zuwa kusan dala 40. Kowace dala 10 da ta ragu, yara ne da aka ƙara ceta da kuɗi ɗaya.

Da a ce takardar ce kaɗai ƙulli, da labarin ya ƙare a 2018, lokacin da wa'adinta ya cika. Yau ba mai hana kowa. A Kano ma an kafa masana'antar NutriK mai yin abincin tamowa, akwai wasu a Legas. Amma ga abin mamaki na ƙarshe: masana'antu irin waɗannan a Afirka, suna zaune a tsakiyar manoman gyaɗa, sun sha shigo da gyaɗar daga ƙasashe masu nisa irin su Ajantina. Najeriya kuwa har yau tana sahun gaba a noman gyaɗa a duniya, duk da farin farkon shekarun 1970 da kuturtar gyaɗar 1975 da suka rushe dalar da Alhassan Ɗantata da takwarorinsa suka gina bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911. Gyaɗa na nan a kasuwar Dawanau buhu-buhu. Me ke hana ta shiga leda?

Amsar ta fara bayyana ne tun 1960, a Ingila, lokacin da talotalo fiye da 100,000 suka mutu cikin 'yan watanni ba a san dalili ba. Da aka bi sawu, sai aka tarar duk sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Brazil. A cikinta aka gano wata guba da wata fumfuna mai suna Aspergillus flavus ke fitarwa, aka sa mata suna aflatoksin. Fumfunar a cikin ƙasa take zaune. Tana samun shiga gyaɗa idan ruwa ya ɗauke ana dab da cira, ko fartanya ta fasa kwanso, ko aka tara ta da danshi, ko aka zuba buhu a ƙasa a ɗakin da ke yoyo. Gubar ba ta da wari, sau da yawa ba a ganinta, suya da tafasa kuma ba sa kashe ta. Tana jawo sankarar hanta, an kuma danganta ta da tsumburewar yara. A Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu bayan cin masarar da ta kama. Yaron tamowa, wanda hantarsa da ma a raunane take, zai ci gyaɗar nan kullum har wata biyu. Shi ya sa sanarwar 2007 ta ƙayyade kada gubar ta wuce kashi 5 cikin biliyan, wato giram 5 a cikin tan 1,000. Ƙwayoyi kaɗan da suka ruɓe sun isa su kayar da lodin mota guda a gwaji. Mai masana'anta da ya ga ana mayar masa da kaya sai ya nemi gyaɗar da aka busar da inji, aka tace da na'ura, aka auna kafin ta hau jirgi. Ƙara da cewa madarar garin ma, wadda ta fi komai tsada a haɗin, daga waje take zuwa, sai ka ga dalilin da ya sa abin da aka yi a gida bai cika fin na waje araha ba.

Wani abu ya fi wannan ci mini rai. Gyaɗar da aka tsince aka ware, ƙanana da fasassu da masu baƙi, ba zubar da ita ake yi ba. Ita ce ke komawa kasuwa da araha, ta zama ƙuli-ƙuli da kunu da yajin tsire, ta shiga cikin yaran da ba wanda ya auna musu komai. A jihar Kano da binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaranta 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wannan ba ƙaramar magana ba ce. UNICEF kuma ta taɓa ƙiyasta cewa yara kusan miliyan 2 ke fama da tamowa mai tsanani a Najeriya, biyu cikin goma ne kawai magani ke isa gare su. Duk wanda ya karkatar da katan ɗin da aka bayar kyauta ya kai shi shago, ko babban da ya saya yana lasa don marmari, ya sani cewa rabon ɗaya daga cikin waɗannan yaran ya ci.

Maganin gubar ma an samo shi, kuma a ƙasar nan. Cibiyar IITA ta Ibadan, tare da masanan Ma'aikatar Noma ta Amurka, ta zaɓo 'yan uwan fumfunar nan da ba sa fitar da guba daga ƙasar Najeriya, ta shafa su a jikin ƙwayar dawar da aka kashe wa tsiro, aka rina ta shuɗi don kada a ci. Sunansa Aflasafe, NAFDAC ta yi masa rajista a 2014. Ana watsa kilo 10 a hekta ɗaya, mako biyu zuwa uku kafin amfanin gona ya yi fure, sai marasa gubar su riga masu gubar kama wuri. Gwaje-gwaje a gonakin manoma sun nuna gubar na raguwa da kashi 80 cikin 100 ko fiye. Cibiyar binciken noma ta Samaru da ICRISAT kuma sun fitar da irin SAMNUT masu nuna da wuri da jure wa kuturta. Saura cira a kan lokaci, shanya a kan tamfol maimakon ƙasa, tsincewa, da ɗora buhu a kan katako.

Manomi ba zai yi wannan wahala ba in kuɗin mudunsa ɗaya ne da na wanda ya yayyafa wa tasa ruwa don ta yi nauyi. Gwamnatin Kano da ta Jigawa da ta Katsina, da shugabannin kasuwar Dawanau, su kafa wurin gwajin aflatoksin a bakin kasuwa, a ware farashi na daban ga gyaɗar da ta ci gwaji, a haɗa ƙungiyoyin manoma da masana'antun abincin tamowa tun kafin shuka, a kuma saka Aflasafe cikin kayan tallafin damina kamar yadda ake saka taki.